Kayan sanyin jariri a hunturun Kano: mai kauri guda ɗaya ko na auduga hawa-hawa?

Duk mai cikin da lissafinta ya nuna zata sauka tsakanin Nuwamba da Fabrairu a garin nan, ko maigidan da aka miƙa wa takardar kayan haihuwa, maganar kayan sanyi ce ke fara ɗaure kai. Kina shiga Sabon Gari masu shago zasu fara zaro miki saiti-saiti masu gashi-gashi, ga hula ga safa ga bargo duk kala ɗaya gwanin sha'awa, a ce miki Hajiya wannan ko sanyin Jos ne yaro bazai ji ba. A wajen awo kuma ma'aikatan asibiti suna cewa a nemi na auduga marasa nauyi a jera biyu ko uku. To wanne za'a bi, tunda ba kowa ne ke da halin sayen duka biyun ba, balle yanzu da komai ya yi tsada?

Ni dai inda na tsaya shi ne auduga hawa-hawa ta fi dacewa da irin sanyinmu, mai kaurin kuma yana da wajen amfaninsa amma ba shi ne za'a dogara da shi ba. Bari in faɗi dalili, don bana son a ɗauka ra'ayi ne kawai.

Sanyin Kano ba sanyin wuni guda bane. A Disamba da Janairu da asuba yakan sauko wajen digiri 12 ko 13, wata shekarar ma ƙasa da haka, iska na kaɗawa ga hazo ga ƙura, amma kafin azahar rana ta buɗe ya haura kusa da 30, musamman in ɗakin kwano ne ba sili. Wato jariri ɗaya a rana ɗaya zai shiga yanayi kala uku ko huɗu. Wannan shi ne babbar matsalar rigar nan mai kauri, in kin saka masa da asuba ta yi daidai, ƙarfe sha ɗaya na yi ta zame masa azaba, kuma baki da tsaka-tsaki, ko dai yana ciki yana gumi ko kin cire ya koma daga shi sai pampas. Amma in bes ce a ciki, sai doguwar riga mai haɗe da ƙafa a kai, sai 'yar suwaita mara nauyi ko shawul a sama, kinga rana na ɗagowa kina zare ɗaya, la'asar sakaliya iska ta juyo ki mayar, shikenan baki tashe shi daga barci ba ma.

Kuma wannan jerawar tana riƙe ɗumi fiye da yadda ido ke gani, saboda iskar da ke maƙalewa tsakanin riga da riga ita ce ke ɗumama ta tsare zafin jikin. Hukumar lafiya ta duniya abin da ta ce shi ne a saka wa jariri hawa ɗaya zuwa biyu fiye da abin da babba ya saka a wannan yanayin, a haɗa da hula. Ma'auni ne mai sauƙi, ki dubi jikinki, in ke riga ɗaya da zani sun ishe ki to shi biyu ko uku, in ke kin ɗora suwaita to shima a ƙara masa. Ba'a ce biyar ba, ba'a ce a naɗe shi har a rasa ina fuskar take ba.

Iyayenmu da kakanni da suke tsoron sanyi ga jariri suna da gaskiya, kar wata ta karanta wannan ta je tana musu da surukarta. Jariri sabon haihuwa baya iya rawar ɗari kamar ni da ke, hanyarsa ta samar da zafi ita ce ƙona wani kitse na musamman da aka haife shi da shi a wajen wuya da kafaɗu da gefen ƙoda, kuma ƙona kitsen nan na cin sukarin jikinsa da iskar da yake shaƙa. Shi yasa jaririn da sanyi ya kama zaki ga ya yi laƙwas, baya jan nono da ƙarfi, rashin shan nonon kuma ya ƙara masa sanyin. Fatarsa siririya ce, kansa kuma babba ne in aka kwatanta da sauran jikin, don haka zafi na fita da sauri. Zafin jikinsa na daidai tsakanin 36.5 ne da 37.5, duk abin da ya yi ƙasa da 36.5 sanyi ya fara shigarsa. Bakwaini da wanda aka haifa bai kai kilo 2.5 ba su abin ya fi tsanani a kansu don kitsen nan nasu kaɗan ne.

Inda muke kuskure shi ne mun ɗauka zafi baya illa. Yana yi wallahi. Yawancin saitin nan masu gashi-gashi da ke cika kasuwa roba ce, leda-leda, bata shan gumi kuma iska bata ratsa ta, yaro zai jiƙe a ciki ba wanda ya sani, ga kurajen zafi a wuya da hammata da matse-matsi a tsakiyar hunturu, uwa ta rasa daga ina suka fito. Abin da ya fi wannan shi ne lokacin da aka zo buɗe shi don canza pampas, jiki a jiƙe iska busasshiya ta buga, kamar dai yadda ruwan randa ke yin sanyi saboda raɓar da ke fitowa ta jikinta iska na busarwa, haka jikinsa zai huce nan take. Kenan rigar da aka saya don maganin sanyi ita ta jawo sanyin. Sannan likitocin yara sun daɗe suna lissafa yawan lulluɓi da rufe kai lokacin barci cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar jarirai ta farat ɗaya a cikin barci, Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ba don in tsorata kowa na faɗa ba, don dai a san ba ƙaramar magana bace.

To yaya zaki gane ya isa ko bai isa ba? Kar ki auna da tafin hannunsa ko ƙafarsa kaɗai, waɗannan kusan kullum sun fi sauran jiki sanyi a jariri saboda jini bai gama zagayawa sosai zuwa can ba, da yawa daga nan ake ruɗuwa a yi ta ƙara bargo. Zura hannunki cikin rigar ki taɓa ƙirji ko ƙeya ko tsakiyar baya. In ɗumi ne mai daɗi kuma a bushe, lafiya lau. In da danshi, ko fuska ta yi ja, gashi ya jiƙe, cire hawa ɗaya. In ƙirjin da cikin ne da kansu suka yi sanyi to ba ƙarin riga zaki fara nema ba, jikinki zaki fara ba shi, zan zo kan wannan. Kuma dan Allah a cikin kuɗin kayan haihuwa a ware na ma'aunin zafin jiki irin na batir ɗin nan da ake sakawa a hammata, duk kemis ana samu, bai kai kuɗin saiti ɗaya ba amma ya fi saiti uku amfani.

Yanzu ina mai kaurin yake da rana? Fita. In za'a koma asibiti rigakafi da sassafe a adaidaita sahu ko a bayan babur, iskar nan mai shiga ta ko'ina auduga kaɗai bazata tare ta ba, nan kam a ɗora mai kaurin a saman na audugar, ko a naɗe da bargon jarirai, fuska a buɗe. Ana isa cikin ɗakin jira inda mutane suka cika a sassauta. Abin da nake yawan gani a layin rigakafi yana damuna, jariri cikin rigar gashi, cikin bargo, sannan uwa ta ja hijabi mai kauri ta rufe shi ruf tun daga gida har a kira lambarta, ita a ganinta kare shi take daga ƙura da idon mutane, amma iskar da yake shaƙa a ciki ita ce wadda ya fitar. Ki bar masa kafa ta sama, ki dinga leƙa fuskar.

Sai maganar saƙa, wato saitin ulu da ake saƙawa da hannu ko da keke, wanda kusan kowace mai jego sai an kawo mata a kayan barka. Yana da kyau a matsayin hawa na sama, yana da ɗumi kuma iska na ɗan ratsa shi fiye da mai gashi-gashin. Amma kar ya taɓa fata kai tsaye don yana ƙaiƙayi, fatar jariri a hunturu dama a bushe take tana saɓa. A duba ramukan saƙar kar su yi faɗin da yatsa zai shige ya maƙale, igiyar wuya da ta hula kuma a zare ta gaba ɗaya ko a yanke, ado ne kawai da ke iya shaƙe yaro. Safa ma ki dinga juya cikinta kina dubawa, zare ko silin gashi ɗaya na iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya kumbura, yaro ya yi ta tsala kuka a rasa dalili.

Gwanjo ko sabo? Nan mutane ke jin nauyi, ni kuma ban ga abin kunya ba. A Ƙofar Wambai in kin iya zaɓe zaki samu kayan jarirai na auduga zalla masu laushi, masu maɓallai har ƙasa ta yadda zaki canza pampas ba sai kin tuɓe shi duka ba, kuma wannan maɓallan ƙasan a lokacin sanyi ba ƙaramin abu bane. Sau da yawa sun fi sababbin masu araha inganci nesa ba kusa ba. Sharaɗin kawai a wanke su tas da sabulu mara ƙamshi, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, a goge. Abin da zan ce a kiyaye a gwanjon shi ne manyan rigunan nan masu kumburi kamar katifa, an yi su ne don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba irinsu Kanada da Ingila, nan garin ko a tsakiyar Janairu sun yi yawa in dai a cikin ɗaki ne. Sabo kuma in zaki saya ki duba 'yar takardar da ke wuyan rigar ko gefenta ki ga ko auduga ce ɗari bisa ɗari, in babu takarda ki murza a bayan hannunki, roba tana da santsi da ƙyalli kuma tana ɗan manne wa fata. Shima sabon sai an wanke kafin a saka, ƙurar kasuwa da sinadarin kamfani duk suna jiki.

Tunda ana maganar ajiya da wanki, akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa da girman Allah: kar a saka kafur a akwatin kayan jariri. Mu al'adarmu ce a jefa ƙwayoyin nan farare cikin kaya don kyankyasai da ƙamshi, kuma kayan sanyi su suka fi daɗewa a akwati daga shekara zuwa shekara, na yaya a ajiye wa ƙani. A Najeriya akwai yara da yawa, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, irin waɗannan yaran kafur na fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani wadda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba zaki gane yaronki na ciki ba da ido. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su a shanya har warin ya fita sarai, in ya ƙi fita a haƙura da su. Haka man zafi irinsu Robb da Mentholatum da ake shafa wa jariri a ƙirji da hanci wai maganin sanyi, ba na jarirai bane, basa ɗumama jiki, yaji kawai suke sa fata ta ji. Man kaɗanya mai kyau ko basilin mara ƙamshi sun isa don bushewar fata, cibiya kuma a bar ta da maganin da asibiti suka bayar, kar a gasa ta da tsumma mai zafi.

Hula fa? A kwanakin farko, da bayan wanka, da lokacin fita, da asubar da ɗakin ya yi sanyi sosai, a saka, ta auduga mai kama kai daidai ba mai zamewa ba. Bakwaini kam kusan kullum. Amma yaro cikakken wata tara mai ƙiba da ya kwana biyu a duniya, ɗaki a rufe da ɗumi, yana barci, hular bata da aiki, ta kai ne yake rage zafin da ya yi masa yawa, kuma tana iya zamowa ta rufe hanci kina barci baki sani ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a shawararta ta 2022 cewa ta yi kar a bar wa jariri hula a cikin ɗaki bayan awannin farko na haihuwa, sai dai su ɗakunansu akwai na'urar ɗumama ɗaki, mu kuma wani ɗakin tagar ma labule ne kawai, don haka ki yi aiki da ɗakin da kike ciki da abin da hannunki ya ji a ƙeyarsa.

Da daddare zaɓi biyu ne ko uku. Akwai naɗewa da zani ko shawul, jarirai da yawa na son haka don yana hana su firgita, amma a naɗe daga kafaɗa zuwa ƙasa, ƙirji kar ya matse, ƙafafu su samu wajen motsi saboda ƙugu, a kwantar da shi rigingine ba rub da ciki ba, kuma ranar da kika ga ya fara yunƙurin juyawa a daina naɗewar. Akwai kuma rigar barcin nan mai kamar jaka da zif, hannu a waje, ana samunta a gwanjo sosai, ni a ganina ta fi bargo kwanciyar hankali don duk mutsu-mutsunsa bazata hau fuska ba. Wanda ban yarda da shi ba shi ne a ja shi cikin katon bargon manya tare da uwa da uba, bargon ya yi nauyi, zafin mutum biyu ya haɗu, ga haɗarin rufe fuska. Ko gado ɗaya kuke ya zama shi da abin rufarsa daban, ba filo kusa da kansa, kuma gidan sauro na nan daram ko da hunturu ne.

Sai babbar magana, ɗumama ɗaki da gawayi. Na san ɗakin mai jego da kaskon wuta kamar ba'a raba su, ga turaren wuta ana zubawa, ƙofa a rufe taga a toshe. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda bata da wari bata da kala, ko hayaƙi ya daina fita tana nan tana fita, babba zai fara jin ciwon kai da jiri da kasala, jariri kuwa ba bakin faɗa, barci kawai zai yi ta yi a ce yaron kirki ne. Irin gubar da ke fita daga janareta ce in an kunna a cikin gida, kuma duk mun sha jin labarin iyalan da aka wayi gari babu su saboda wannan. In dole sai an ɗumama ɗakin, a shigo da kaskon kafin a shigo da jariri, taga a ɗan buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, ba'a kwana da shi ko da wasa. Toshe kafar da iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa, labule mai kauri, matsar da shimfiɗarsa daga jikin bango da taga, da kuma kar a kwantar da shi kan tabarma a siminti ko tayil ba katifa, waɗannan sun fi kasko tsaro kuma basa cin ko sisi.

Abin da ya fi kasko da bargo da komai ɗumama jariri shi ne ƙirjin uwarsa. A bar shi da pampas da hula da safa, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwa fata na taɓa fata, kansa a juye gefe, a ɗaure da zani, uwa ta ɗora rigarta ko mayafi a kai. Wannan dabarar a asibiti aka fara ta a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, wani likita Edgar Rey ya ɓullo da ita saboda kwalaben saka bakwaini sun yi musu kaɗan, yanzu kuma ita hukumar lafiya ta duniya ke cewa a fara yi wa bakwaini da ƙananan jarirai tun daga haihuwa, manyan asibitocinmu ma suna koya wa iyaye. Ba uwa kaɗai ba, uba zai iya, kaka zata iya, yayar mai jego zata iya in uwar na wanka ko ta gaji. In kin taɓa kin ji cikinsa da sanyi ki yi masa haka ki bashi nono, bayan kamar awa ɗaya ki sake aunawa.

Wanka kuma shi ne lokacin da aka fi yin asarar ɗumin da aka wuni ana tarawa. Ranar haihuwa a goge shi a bushe a jinkirta wankan har awa 24 in da hali, farin maiƙon nan na jikinsa ba datti bane, kariya ce. Bayan nan a roƙi Inna ko ungozoma cikin ladabi a mayar da wankan safe zuwa hantsi in rana ta fito, a cikin ɗaki ba tsakar gida ba, a jera tawul da kaya kusa kafin a tuɓe shi, a fara tsane kai, a gama cikin 'yan mintuna. Ruwan ɗumi da gwiwar hannunki zata iya jurewa, ba irin na wankan jego ba. Ranar da garin ya yi sanyi da yawa goge wuya da hammata da ƙasa da tsumma mai ɗumi ya wadatar. Jiƙaƙƙen nafkin ko pampas ma kar ya daɗe, yana jan sanyi.

In ni ce zan yi sayayyar da kuɗi daidai gwargwado, zan fi zuba su a bes na auduga masu dogon hannu da dogayen riguna masu haɗe da ƙafa, kamar biyar-biyar ko shida-shida saboda tumbuɗi da wanki, sa'ar ma a hunturu shanya bata daɗewa. Sai suwaita mara nauyi guda biyu mai buɗewa ta gaba, huluna biyu ko uku, safa, shawul biyu, sai mai kauri guda ɗaya tak na fita, shima a ɗauki wanda ya ɗan fi shi girma don kar ya matse a kan na ciki. Kar a cika sayen ƙananan nan na sabon haihuwa, kafin arba'in wasu sun daina shiga, kuma zuwa ƙarshen Fabrairu zafi ya fara leƙowa, Maris na kamawa ba mai sake kallon kayan gashi.

Ranar suna ce dai nake son a ƙara sa ido, don ranar ce ake fito da shi tun da safe wajen aski, a yi ta miƙa shi hannu-hannu a ɗaki cike da mata da turare, wannan ta buɗe ta gani waccan ta ƙara rufewa. Kan da aka aske ya fi saurin ɗaukar sanyi, hula ta koma nan take. A samu mutum ɗaya, ƙanwa ko yaya, aikinta kawai ta dinga taɓa ƙeyarsa tana mayar da shi wajen uwar ya sha nono a kan lokaci. In kuma a kowace rana kika ga ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi baya motsi sai an taɓa shi, ko numfashi na sauri har sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki, ko ma'auni ya nuna 38 ko sama, ko ya yi ƙasa da 35.5, ko ido da tafin ƙafa sun yi rawaya, wannan ya wuce maganar riga da bargo. A ɗaura shi a ƙirji fata da fata a rufa, a nufi asibiti mafi kusa a wannan lokacin ko da tsakar dare ne, in abin ya fi ƙarfinsu su zasu tura ku babban asibiti irin na Murtala ko Hasiya Bayero ko na Malam Aminu Kano.